Haɗin Goggo da Allurar Ajame

Albaras ya fara fito mini a gefen baki ina budurwa, ba da daɗewa ba bayan Goggo ta ɗauko ni daga ƙasar Maraɗi ta kawo ni Abijan. Ɗan ɗigo ne fari, kamar na sha fura ban goge baki ba. Na goge, na ƙara gogewa, ina! Kafin a yi mini aure ya zagaye idona na dama, ya gangaro wuya, ya kama yatsuna. Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi, bai taɓa hana ni barci ba. Ciwonsa ɗaya ne, idon mutane.

Goggo ƙanwar babana ce. Allah bai ba ta haihuwa ba, shi ya sa aka ba ta ni. Tuwo take sayarwa a unguwar Tireshbil, a wani gidan haya mai ɗakuna a jere da tsakar gida ɗaya, inda Hausawa da Zabarmawa da Julawa suke shanya a igiya guda suna faɗa a kan rijiya guda. Ban taɓa ganin mace mai dauriya irinta ba. Na ga ranar da tafasasshiyar miya ta kwaranye mata a ƙafa, ta dubi ƙafar, ta ci gaba da tuƙa tuwonta. A wurinta ɗiyar gidanmu ba ta kuka, ba ta cewa wash, ba ta ko yamutsa fuska. In na yi tuntuɓe na ce wayyo, sai ta ce, “Wa ya mutu?” Haka ta raine ni, kuma na ɗauka. Ranar da na haifi ɗana na fari, matan gidan ba su san ina naƙuda ba sai da suka ji kukan jariri. An daɗe ana ba da labarin a unguwa, Goggo kuwa har sabon zane ta ba ni, a lokacin da zane ya yi wuyar samu saboda yaƙin Turawa na biyu.

Ita ce ta ƙirƙiro haɗin da nake shafawa. Akwai hoda a kantunan Kwarori, amma ta fararen mata ce, ni kuwa farin nake gudu. Sai Goggo ta sa masu kawo shanu daga gida su riƙa taho mata da koya, jar ƙasar nan da ake kwalliya da ita. Ta daka ta, ta tankaɗe, ta zuba ruwan katambiri da ɗan baƙin gindin tukunya, ta murje su da man kaɗanya a cikin sakaina. Kullum bayan sallar asuba sai in durƙusa a gabanta, ta riƙe mini haɓa, ta bi farin nan da ɗan yatsa tana cikewa kamar mai yaɓen ɗaki. Hannu kuwa lalle ne ba ya yankewa. In ta gama sai ta ja baya ta kanne ido ɗaya ta ce, “To, yanzu kin zama mutum.”

Ba da mugunta take faɗa ba, na sani. Amma kalmar takan zauna mini a ƙirji har yamma.

Wahalar haɗin nan ba kaɗan ba ce. Tunda maiƙo ne, ruwan alwala ba ya ratsa shi, sai an wanke tas. Saboda haka nakan riƙe alwalar asuba iya ƙarfina, ba na shan ruwa sosai, ba na dariya da yawa kada ya tsattsage a gefen baki. Ga shi an yi shi ne don busasshiyar ƙasa irin tamu. Abijan kuwa gari ne da mutum zai fito daga wanka ya fara zufa kafin ya ɗaura zane. Da rana ta take sai in ji shi yana narkewa yana bin wuyana. Kullum da ɗan ƙullinsa a bakin zanena, ina neman lungu ina gyarawa.

Maigidana mahauci ne a kasuwar Tireshbil, mutum mai barkwanci. Ya san da farin tun kafin ya aure ni, kuma yakan ce mini, “Ke kike wahalar da kanki. Mu a kara, saniya mai dabbare-dabbare ita ake fara tayawa.” Na taɓa jifansa da ludayi a kan wannan magana. Shi namiji ne, kuma ba a jikinsa abin yake ba. Mutanen gari ba su rarrabe albaras da kuturta, wa zai sayi tuwo a hannun wadda ake zargi da kuturta? Ban da haka, a shekarun nan ’yan duba-gari suna yawo kasuwa-kasuwa suna kama duk wanda suka gani da tabo a fata. In aka tabbatar kuturu ne, sai a sa shi a jirgin ruwa a kai shi wani tsibiri a cikin tafkin da ya kewaye garin. Kowa ya san ba a tafiya da yara, kuma ba mu taɓa ganin wanda ya dawo ba.

Aikina shi ne kai tuwo Ajame, inda jirgin ƙasa yake sauke shanu. Masu shanun mutanenmu ne, sun gaji da rogo da ayaba, suna ganin tuwon dawa da miyar kuka sai ka ce sun ga iyayensu. Nakan ɗora babbar roba ta kwano a ka, in haye gadar nan da ke lilo a kan ruwa, in ratsa ta gefen unguwar Turawa in hau Ajame. Yawanci da yaron a bayana. Ranar da nake ba ku labari yana fama da tari, ga hadari ya haɗo, sai Goggo ta ce in bar shi. Lokacin bai fara tafiya ba, nono ne abincinsa. Ban ko waiwaye shi ba da zan fita, don ɗan fari ne. A al’adarmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta cewa “ɗana”. In dole ta kama sai ta ce “yaron nan”.

Ruwa ya kama ni bayan na haye gada, ya yi mini dukan tsiya, sa’an nan ya ɗauke, rana ta buɗe kamar da gayya. Hannuwana biyu suna riƙe da kaya, ba halin gyara fuska. Ina shiga bakin kasuwar Ajame wani ɗan duba-gari ya tare ni. Ya ƙura mini ido, ya kira ɗan sandan da ke tare da shi, suka yi magana da Faransanci. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ga inda yatsansa yake nunawa. Suka tasa ni gaba da tuwona a ka, sai ɗakin magani.

Ɗakin maganin ƙarami ne, mai rufin kwano, mutane sun yi layi har waje. Malamin asibitin, wanda a can ake ce wa anfirme, mutumin bakin teku ne, da gani ya gaji tun safe. Ya dubi fuskata ya taɓe baki. Ya juya ni na ba shi baya, ya zame mayafina daga wuya. Ban ankara ba sai na ji allura ta shige ni a kan tabon da ke bayan wuyana.

Kai! Na ji ta har tafin ƙafata. Amma ni ɗiyar wa ce? Ga maza a tsaye, ga baƙi, ga arna da Musulmi duk suna kallo. Na riƙe numfashina na tsaya ƙyam, ko gira ban ɗaga ba. Ya sake soka ta a wani wurin, ya ɗan murza. Na ce a raina, yau za ku ga tarbiyya. Ya kama hannuna, ni kuwa na kau da kai don kunyar namiji ya riƙe ni, ya soka a bayan yatsa. Shiru. Wallahi har wani daɗi na ji, ina cewa da Goggo tana nan da ta yi alfahari da ni.

Sai ya girgiza kai, ya saki hannuna da sauri, ya je ya wanke nasa. Ɗan sandan ya kora ni bayan ginin, inda aka kewaye wata rumfa da waya, ya rufe ƙofa.

Mutanen da na tarar a rumfar su suka gaya mini inda nake ba tare da sun buɗe baki ba. Wani ba yatsun ƙafa, wani hancinsa ya zauna. Na ajiye kayana na koma can ƙarshen rumfar na takure, na ja mayafi na rufe fuska. Ban yi kuka ba. Amma da azahar ta yi sai nono ya cika mini, ya fara zuba yana jiƙa rigata, na san a daidai lokacin yaron yana can yana nema. Nan ne abin ya fara zuwa mini a ido. Na ga jirgin ruwa, na ga tsibiri, na ga yaron ya tashi yana kiran wata mace Inna.

“Ke ’yar nan, goyo gare ki?”

Da Hausa aka yi maganar, Hausar Ƙonni tsantsa, ta can ƙasarmu. Wata tsohuwa ce a zaune a kan buhu, ’yar ƙarama, yatsunta duk sun guntule. Daga baya ta gaya mini bara take yi a ƙofar masallaci, nan aka kamo ta.

Na ce, “Akwai wani yaro a gida, Iya.”

“Wani yaro! Ji ta da kunyar banza. Matso in gan ki.”

Na matsa, amma ba sosai ba. Ta lura, ta yi dariya ta ce in kwantar da hankalina, ba cizo take yi ba. Ta sa na buɗe mayafin. Ta daɗe tana kallona, ta karkata kai nan, ta karkata can.

“Mene ne wannan kika dambara a fuska?”

Na gaya mata haɗin Goggo ne.

“A ƙarƙashinsa fa, wane launi ne?”

“Fari.”

“Fari yaya? Fari-fari ko fari fat?”

“Fat, Iya. Kamar nono.”

Ta tafa guntayen hannuwanta. “La ilaha illallahu! Da ya soka miki allura, kin ji?”

“Na ji mana. Har yanzu wurin zugi yake.”

“To uban me ya hana ki ihu?”

Na ce ai ba a yi. Ɗiyar mutunci ba ta raki a gaban maza.

Tsohuwar nan ta yi dariya har da tari, har sauran mutanen rumfar suka juyo. Da ta lafa sai ta miƙo mini damtsenta. Akwai wani faffaɗan tabo a kai, ba fari ba, ja-ja ne, kamar tsohuwar tukunyar ƙasa. Ta ce, “Dubi nan. Tamu cutar haka take, ja-ja, kuma wurin mutuwa yake yi. Ko wuta kika ɗora mini a nan ba zan sani ba sai na ji ƙauri. Abin da yake nema da allurarsa ke nan, ya ga ko naman da rai. Ke kuma kin shafa jar ƙasa a kan farinki, ruwa ya wanke rabi, ya koma kalar tamu sak. Sa’an nan aka soke ki kika tsaya kamar turmi. Ke da Goggonki kun haɗu kun yi wa kanku kuturta da hannunku!” Ta sake duban damtsen nata, muryarta ta sauka. “Ni da zan ji zafin allura ko sau ɗaya, ai da na yi sadaka.”

Haushi ya kama ni, na kaina, da na Goggo, da na anfirmen da bai buɗe baki ya tambaye ni ba.

Ta ce likita Bature yana zuwa da la’asar, shi ne mai magana ta ƙarshe, wanda ya ce a tafi da shi an tafi da shi ke nan. Ta nuna mini wani duro a bakin rumfar da ruwan sama ya cika daga indararo. “Tashi ki wanke. Duka. Kada ki bar ko ɗigo.”

Za ku ce ai wannan abu ne mai sauƙi. Ba sauƙi. Tun ina budurwa ba wanda ya taɓa ganin fuskata a wanke sai Goggo da maigidana, ko su ma a cikin ɗaki. Da a ce mini in wanke a gaban mutane, gara a ce in tuɓe zane. Na tsaya a gaban duron ina kallon ruwan, hannuna ya ƙi ɗaguwa.

Tsohuwar ta daka mini tsawa daga inda take. “Ke! Fuskar kike so ko yaron?”

Na tsoma hannu. Babu sabulu, a shekarun nan ko a gida sai an yi dabara, saboda haka da yashi mai laushi da bakin zanena na dirje. Maiƙon ya yi taurin kai, na dirza har fatar ta yi zafi. Jan ruwa yana bin gwiwar hannuna yana ɗiga a ƙasa. Na wanke ido, na wanke baki, na wanke wuya har ƙeya. Da na gama na juyo a hankali, ina jiran in ji an yi salati.

Ba wanda ya yi. Wani mutum ya ɗago ya dube ni ya koma korar ƙudan da ke damun ƙafarsa. Iska ta taɓa mini fuska, wani sanyi da na manta da shi. Tsohuwar ta ce, “Ashe ma kyakkyawa ce, ja’ira. To saura ihu. In ya taɓa ki, ki tuna duk wash ɗin da kika haɗiye tun kina yarinya ki sako su gaba ɗaya.”

Tuwon yana nan a robar, ya huce. Na buɗe na rarraba musu, tunda masu shanu dai sun riga sun yi asararsa. Suka ci, ba wanda ya dubi yatsun da suka zuba miyar.

Da la’asar aka fito da mu ɗaya bayan ɗaya. Likitan dogo ne, jajir, gashin hannunsa kamar na masara. Da aka zo kaina anfirmen ya dube ni ya sake dubawa, don ba wannan fuskar ya gani da safe ba. Likitan ya kama haɓata ya juya ta wajen haske. Ya ɗauko allura. Ni kuwa tsabar shiri, tun allurar tana sama na kurma ihu, “Wayyo Allah na! Wayyo Goggo!” Baturen ya yi baya har ya ture kujera. Anfirmen ya fashe da dariya, ya ce mini da Julanci, wanda nake ɗan ji, “Haba, bari a taɓa ki tukuna.”

Sai suka ɗaure mini ido da ƙyalle. Aka ce duk inda na ji an taɓa in nuna. Aka shafa auduga a farin da ya leƙo ta ƙasan ƙyallen, na nuna. A gefen baki, na nuna. Ya soka allura a wuya, na yi tsalle na ce wayyo, wannan karon da gaskiyata. Daga nan bakina ya ƙi rufuwa. Na ji kaina ina faɗa da ƙarfi, da Hausa da guntun Julanci a cakuɗe, “Ina da ɗa! Ɗana yana gida, nono yake sha, tari yake yi, ɗana ne na fari, kada ku raba ni da ɗana!” Hawaye ya jiƙa ƙyallen sharkaf.

Aka kwance mini ido. Likitan ya yi magana, anfirmen ya juya mini: ba kuturta ba ce, ba a ɗauka, ba ta kisa, ba ta da magani. In tafi gida, kuma in daina shafa ƙasa a fuska.

Na kai bakin ƙofa na dawo. Akwai abin da ban gaya wa kowa ba sai Goggo. Tun farkon damina farin ya fito mini a nonon hagu, ya zagaye kan. Goggo ta ce kada in kuskura in ba yaron wannan ɓangaren, zai sha cutar. Tun daga lokacin da dama kawai nake shayar da shi, na hagun kuwa in ya kumbura sai in ɓuya a banɗaki in matse a ƙasa. Kunyar duniya ta riga ta ƙare mini a ranar, saboda haka na dubi namiji baƙo na tambaye shi. Ya tambayi likitan. Baturen ya ɗaga kafaɗa. Anfirmen ya ce, “Ya ce nono nono ne. Ki ba shi.”

Tsohuwar tana bakin waya da na fito. An riga an duba ta, za ta bi jirgi. Na durƙusa na ce, “Iya, me zan yi miki?” Ta ce in bar mata robar ta riƙa wanka, sa’an nan in ɓace mata da gani kafin su sake shawara. Na zura hannu ta cikin wayar na kama nata. Ta ce, “Matsa da ƙarfi, ’yar nan, ba na ji.” Na matsa. Ban sake ganinta ba, ban kuma san sunanta ba, amma har yau ba na sallah in tashi ban sa ta a addu’a ba.

Ba zan yi muku ƙarya in ce daga ranar na daina jin idon mutane ba. Na daɗe ina ji. Wasu masu sayen tuwo sun gudu, wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba. Ranar Sallah ko biki nakan zauna in yi kwalliyata, kwalli da jan baki da lalle, don ina so. Amma durƙuson asuba a gaban sakaina, wannan ya ƙare.

Ranar dai, da fuskar nan a buɗe na ratsa kasuwar Ajame, na gangara, na haye gada. An kalle ni, yara sun nuna ni, wata mata ta ja ɗanta gefe. Ba ni da lokacinsu, sauri nake ƙirjina yana zugi. Tun daga bakin layinmu na jiyo kukan yaron, muryar ta dishe.

Labari ya riga ni isa, wani mai shanu ya ga lokacin da aka tafi da ni. Maigidana ya bazama Ajame nemana, mun saɓa a hanya. Matan gidan duk suna tsakar gida cirko-cirko, Goggo tana tsaye tana jijjiga yaron. Da ta gan ni ta buɗe baki, na ga leɓenta yana rawa, abin da ban taɓa gani ba. Amma Goggo ce, sai ta haɗiye ta ce, “Ke! Haka kika ratso gari? Shiga ɗaki maza in gyara miki. Ina robata?”

Na ce, “Goggo, ba ni ɗana.”

Matan gidan suka dubi juna. Ta miƙo mini shi. Ban shiga ɗaki ba, nan bakin rijiya na zauna a kan turmi, na ɗaga rigata ta ɓangaren hagu.

“Ba wannan ba!” in ji Goggo.

“Wannan ɗin.”

Ya kama da ƙarfi, don yunwa ta ci shi. Zafin ya ratsa ni har baya, na ce wash a gaban kowa. Ya sha yana ajiyar zuciya, yana tsayawa ya yi tari ya koma, har kukan ya bar jikinsa. Can barci ya ɗauke shi da nonon a baki, ɗan hannunsa a kwance a kan farin wurin. Na bar shi a nan.